Garin Tsingaro

Shekara ashirin da shida ina zaune a gidan surukata, ban taɓa yi mata magana kai tsaye ba, ita ma ba ta taɓa yi mini ba. Haka muka tarar a wurinmu, mu ƙabilar Shipibo na bakin kogin Ucayali. Namiji in ya yi aure sai ya ɗauki addarsa da gidan sauronsa ya koma gidan uwar matarsa, daga ranar kuwa bakinsa da nata sun raba hanya. In tana son a gyara jinka, sai ta dubi matata Beka ta ce, "Gaya wa mutumin nan naki ruwa na zuba mini a ka," alhali ina zaune inda in na miƙa hannu zan taɓa bakin zanenta. In Beka ba ta gida, akun da muke kiwo ne ke shan saƙo. "Kai aku, gaya wa mai zaman nan kifinsa ya huce." Ni ma sai in dubi akun in ce ya yi mini godiya. Ban taɓa jin abin ya dame ni ba, har alfahari nake da shi, don a ƙauyenmu ni ake nuna wa sababbin angwaye a ce su koyi kunya.

Sunanta Wesna, ko da yake bakina bai saba da sunan ba, Tsohuwa nake cewa, in kuma a gabanta ne in ce Tita, wato uwa da harshenmu. Maginiyar tukwane ce, irin wadda in ta gina randar giyar rogo sai maza huɗu su ɗauka suna nishi. Yumɓu shi kaɗai ba ya jure wuta, sai an cuɗa shi da tokar ɓawon itace da garin tsingaro. Ba kuma kowane tsingaro ba. Na tukunyar da ta fashe jiya tauri gare shi, ya ƙi niƙuwa. Wanda ake so shi ne na mutanen da, wanda ya daɗe a ƙasa har ya yi laushi, shi muke kira kenkesh. Tsohuwa takan ce tukunyar da babu kenkesh a cikinta marainiya ce, ba ta daɗewa.

A Tudu ake samunsa. Tudu kawai muke cewa, don ba mu da wani. Tafiyar awa ɗaya ce a bayan ƙauye, ƙasarsa baƙa wuluk, kome ka jefa ya tsira. Duk shekarar da kogi ya yi fushi ya shigo ɗakuna, can muke kwashe yara da kaji da tsofaffi mu zauna har ruwa ya janye. Amma takardar da gwamnati ta ba iyayenmu ta tsaya ne a gindinsa, ba ta hau ba. Babu wanda ya damu da haka sai ranar da muka ga an kakkafa turaku masu jan fenti, aka ce wani kamfanin kwakwar manja ya saye shi.

A lokacin ni Abilio ni ne shugaban ƙauye. Na yi ta zirga-zirga zuwa birnin Pucallpa har takalmina ya buɗe baki. A ƙarshe wani lauya mai tausayi ya zaunar da ni ya ce ƙofa ɗaya ta rage. Kafin katafila ta taɓa wuri, dole kamfani ya sami takardar da ta ce babu kufan mutanen da a ciki. Za a turo mai dubawa. In ta tarar da shaida a ƙasa, Tudu ya zama wurin da doka ta hana taɓawa, ko da ba namu ba ne a takarda. Na tambaye shi wace irin shaida. Ya ce fasassun tukwane. Na yi dariya har da buga cinya. Na ce masa in dai wannan ne mun ci, kajinmu ma in sun yi tono shi suke fitarwa.

Na dawo gida kwana ɗaya tak, don lauyan ya ce in koma in tsare zancen har mai dubawar ta iso. Da safe ƙanen Beka, Marcial, ya riga ya ta da injin kwalekwale yana ta kirana. Tsohuwa na zaune a ƙarƙashin rumfa tana murza yumɓu. Na tsaya da jakata a kafaɗa na dubi Beka.

"Gaya wa Tita, wata mace za ta zo daga Lima, babban birni, nan da mako uku. Kenkesh take nema. In ta sami da yawa, Tudu ya tsira."

"Da yawa kamar yaya?" in ji Beka.

"Iyakar abin da ke akwai."

Beka ta juya ta maimaita wa uwarta. Tsohuwa ba ta ɗago ba, ta ce, "Gaya masa na ji." Ni kuwa na faɗa kwalekwale ina jin kaina mutum mai dabara. Da a ce da wani nake magana, da na zauna na yi bayani, ya tambaya in amsa. Amma mutumin da ya saba aika magana ta bakin wani yakan datse ta, don kada ɗan aike ya gaji. Zuwa da kai ya fi aike, na san wannan tun ina yaro, ban dai taɓa zaton ya shafi mutum biyu da ke cin abinci a rumfa ɗaya ba.

Bayan mako uku Marcial ya zo ɗaukarmu, ni da baƙuwar. Malama Zoila sunanta, siririya, da takalman roba har gwiwa da hula mai faɗi, sauro ya riga ya yi mata maraba tun a tasha. Marcial sai murmushi yake yi shi kaɗai a bayan inji.

"Shugaba, kai kana birni kana shan sanyin fanka, mata sun yi aikin da ko kai ba za ka iya ba."

"Wane aiki?"

"Ka ji shi. Kai ka ba da umarni kuma kana tambaya. Ka bari idonka ya gane maka. Yayata har kanta ta yi a tafin hannu, in ka je ka hura mata."

Na ɗauka shara suka yi da girki. Na ce masa ya kula da kututture ya bar surutu.

An yi mana tarba ta gaske. An ba Malama kunun ayaba a sabon kasko, an ɗaura mata abin wuya na duwatsu, 'yan makaranta sun yi waƙa. Sannan mata suka dare, Tsohuwa ta fito da rigarta ta biki, ta kama hannun baƙuwar ta ja ta zuwa rumfarmu. A can na ga buhuna tara a jere, an ɗaure bakin kowane da igiya. Tsohuwa ta kwance na farko, ta tura hannu ta ɗebo, ta saki yana zuba ta tsakanin yatsunta. Gari ne ja-ja, mai laushi kamar na tuwo.

A nan take na gane. Wa ke neman kenkesh in ba mai gina tukunya ba? Wace maginiya ce kuma za a miƙa wa shi ɗanye, a bar ta da wahalar niƙa, ita da ta zo daga nesa, ita da za ta ceci Tudu? Mako uku matan ƙauyenmu suna hawa da kwanduna. Sun tsince na sama, sun bi bakin kwazazzabo inda ruwa ke fito da shi sun tone, sun wanke, sun shanya, sun niƙa, sun tankaɗe sau biyu.

Tsohuwa ba ta jin Sifaniyanci, Malama ba ta jin namu, don haka ni ne tafinta, ta bakin Beka.

"Tita ta ce a gaya mata ta taɓa ta ji," in ji Beka. "Ta ce ko uwarta ba ta taɓa tara irin wannan ba. Ba su bar ko ɗaya a baya ba."

Malama ta tura hannu a buhun tana murmushin wanda bai gane ba. Ta ce da ni, "Mene ne wannan?"

Na gaya mata. Na ga murmushin ya tsaya a fuskarta ya rasa inda zai tafi. Ta durƙusa ta ci gaba da juya garin a hankali, har yatsanta ya ci karo da wani ɗan guntu da ya kuɓuce wa rariya, bai kai farcen babban yatsa ba. Ta hure shi ta ɗaga wa rana. Akwai zane a jikinsa, layuka uku ƙanana da aka tsaga da tsinke.

"Wanda ya yi wannan zanen ya fi shekara dubu da mutuwa," ta ce da ni, muryarta ƙasa-ƙasa. "Buhu tara. Malam Abilio, da na same su a inda suke, da rabin yini ya ishe ni."

"To ai ga su nan. Daga Tudu suka fito, kowa shaida ne."

"Na yarda da kai. Amma gari ba ya faɗin inda aka kwaso shi. Lauyan kamfani zai ce daga wani ƙauye kuka sayo, ni kuma ba ni da abin da zan nuna."

Tsohuwa tana kallon bakinmu. Ta taɓa Beka. "Me ta ce? Bai yi laushi ba ne?"

Kowa ya zubo mini ido. Na dubi tafin hannun Beka da ya kumbura, na dubi tsohuwar da ta sha ado. Na ce, "Gaya wa Tita, baƙuwa ta ce ba ta taɓa ganin mai kyau irin wannan ba. Ta gode."

Tsohuwa ta gyaɗa kai. Ta ce a gaya wa baƙuwar ta riƙa zuba kashi ɗaya cikin uku a yumɓu, kada ta cika hannu.

Da aka watse na ja Beka bayan ɗaki na gaya mata gaskiya. Ba ta yi kuka ba, zama ta yi a ƙasa ta rufe fuska da zane. Can ta ɗago.

"Kai ka ce iyakar abin da ke akwai."

"Na ce."

"Ba ka ce a bar shi a wurinsa ba."

"Ban ce ba."

"To kada ka kuskura Tita ta ji. Ita ta fi kowa niƙa, har da zazzaɓi a jikinta. In ta san da hannunta ta niƙe Tudu, ba za ta ga damina ba."

Na yarda da sauri, don ni ma abin da nake so ke nan. Ba tausayinta kaɗai ba ne, kada in yi wa kaina ƙarya. Ina jin nauyin ta san irin surukin da take da shi.

Washegari Malama ta ce a haɗa ta da wanda ya fi kowa sanin Tudu. Ta ma ambaci Tsohuwa da bakinta, ta ce mai shekara sittin tana hawa wuri ba za ta rasa abin nunawa ba. Na ce ƙafafunta sun gaza, kuma babu inda ta sani da mu ba mu sani ba. Muka bar ta a gida tana jiƙa yumɓu, muka hau ni da Marcial da maza shida da shebur.

Kwana biyu aka ba Malama, ta yi uku. Ta ja igiya, ta auna, muka haƙa ramuka goma sha huɗu a duk inda Marcial ya ce mata sun fi samu. Matanmu ba sa aikin ha'inci. Bakin kwazazzabon nan kamar an lashe shi. Muna tankaɗe ƙasa, ita tana durƙushe tana dubawa, ƙudan daji na cin ta ba ta ko korewa. Abin da muka samu duka guntaye biyar ne, marasa zane, sun cika tafin hannu ɗaya da kyar. Marcial da bakinsa ba ya rufuwa, a rana ta uku ko tari bai yi ba.

"Zan rubuta duk abin da na gani," in ji Malama da za ta tafi. "Baƙar ƙasar, guntayen, buhunan, duka. Zan roƙi a ba ni wata guda in dawo in haƙa da zurfi. Amma ba ni ke sa hannu ba, kuma ba na so in yi maka alkawarin da ba nawa ba."

Ta ɗauki buhu ɗaya don kada tsohuwa ta ji kunya. Marcial ya ɗora mata a kwalekwale, ta zauna a kansa ta juya mana baya har suka sha kwana.

Ba a ba ta watan ba. Takarda ta fito bayan wata biyu, ta ce ba a sami kufai a wurin ba. Na karanta wa taron ƙauye da bakina, na ajiye sandar shugabanci a ranar, babu wanda ya ce in ɗauka. Matan da suka yi niƙan duk sun san gaskiya zuwa lokacin, amma ƙauye guda muka haɗa baki a kan mutum ɗaya. Tsohuwa kuwa lokaci-lokaci sai ta ce da Beka, "Tambayi mutumin nan naki, ko ya ji labarin tukwanen baƙuwa? Ba su fashe a wuta ba?" Ni kuma in ce a gaya mata sun yi kyau.

Katafila uku suka zo da rani. Daga rumfarmu ana jin kukansu tun safe har yamma, da ƙarar faɗuwar itatuwa. Ranar da suka ka da babban rimin da ke gefen arewa, ƙasa ta girgiza har kaskon da ke kan tebur ya faɗo. Tsohuwa na cikin gina wata randa, ta kai wuya. Ta tsaya da hannu a sama ta saurara, sannan ta rufe randar da ganyen ayaba ta shiga ɗaki. Ba ta sake taɓa ta ba, ta bushe a haka ta tsattsage.

Daga nan abinci ya fita ranta. Mako uku tana kwance, ta rame har ana ƙirga haƙarƙarinta. Wata rana da hantsi ina gyaran koma a ƙofar ɗaki, Beka na ba ta romon kifi tana kawar da kai, sai na ji ta ce, "Mijinki na nan?"

"Yana nan, Tita."

"Ce masa ya matso. Akwai abin da na yi, ina so ya ji."

Na shiga na zauna a bakin ƙofa na ba ta gefe, yadda aka saba. Ta yi magana tana kallon jinka.

"Ni na jawo mana. Na yi wa baƙuwa rowa."

"Haba Tita," in ji Beka, "buhu tara?"

"Ki yi shiru. Na ce ba mu bar ko ɗaya ba, ƙarya na yi. A gindin rimin nan, ta wajen faɗuwar rana, tsakanin manyan saiwoyi biyu, in ka tona kamu huɗu akwai randuna. Lafiyayyu, da murafensu, ko tsaga babu. Uwata ta nuna mini shekarar da aka yi mini aure, ita ma tata ce ta nuna mata. Ta buɗe ɗaya na leƙa, mutum ne a ciki a naɗe, da abin wuyansa. Ta ce waɗannan ba kenkesh ba ne, masu gida ne, kada in taɓa, kada in faɗa wa kowa sai 'yata in na ga tafiya ta zo."

Ta huta. Ni dai na ji igiyar komar tana yanka mini yatsa, ban saki ba.

"Da aka ce baƙuwa na son da yawa, na je har wurin da sandar tono. Na zauna. Na ce in na fasa biyu za su ba da buhu guda, mai kyau kuma, wanda ba a taɓa gani ba. Na kasa. Na dawo na ce wa kaina tara ma ya isa. Ga shi bai isa ba. Ta gane an ɓoye mata wani abu, maginiya ba ta rasa ganewa. Buhu ɗaya ta ɗauka ta bar takwas, wannan ai fushi ne."

Beka ta ajiye kaskon romo. 

Kwana uku muna haƙa a Tudun nan. Rami na goma sha ɗaya bai fi taku ashirin da rimin ba, a inuwarsa ma muka ci gasasshiyar ayaba. Matar da ta zo daga Lima ta nemi tsohuwar nan da bakinta, ni na ce ƙafafunta sun gaza. Da mun gaya mata gaskiya a ranar, cewa baƙuwa ba niƙa take so ba, gani kawai take so ta yi a bar abu a inda yake, da ta yi kukanta ta share hawaye ta ɗauki sanda ta wuce gaba. Mun ji tsoron kada gaskiya ta kashe ta, ga shi ƙaryarmu ce ke cin ta a kwance. Ban taɓa jin na tsani kaina kamar wannan hantsin ba.

"Tambaye shi," in ji Tsohuwa. "Shi ya san takarda. Da na kai ta wurin, da ta bar mana Tudu?"

Beka ta juyo ta dube ni. Ba ta maimaita tambayar ba, ta kasa.

"Gaya wa Tita ba rowarta ba ce," na ce. "Baƙuwar ba maginiya ba ce. Ba gari ta zo nema ba, so take ta ga abin a cikin ƙasa, ta rubuta, ta tafi ta bar shi. Ni ne ban faɗa daidai ba tun farko, da na gane kuma na ɓoye. Gaya mata laifina ne."

Ana jiyo kukan katafila can nesa. Na ga Tsohuwa tana juya maganar a ranta, tana bin ta ɗaya bayan ɗaya, tun daga kwandunan har zuwa rariya.

"Ban tambayi laifin wa ba," ta ce. "Ba sai na fasa ko ɗaya ba ke nan? Nunawa kawai?"

"Nunawa kawai," na ce da ita kai tsaye.

"Da ta bar mana?"

Na nemi wata ƙaryar a bakina ban samu ba.

"Da ta bari."

 Tsohuwa ta juya a hankali ta fuskanci bango, ta ja zane har kafaɗa.

"Randunan bakwai ne," ta ce. "Ƙaramar ta jariri ce."